Kube Mai Hoton Agwagi

Ranar Asabar ɗin da na shiga gidanmu da leda a hammata, ko sallamata Umma ba ta bari na ƙarasa ba. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta ce, "Ba dai a obin ɗina ba." Wato Baba ya riga ya fesa mata labarin, shi da muka yi da shi a waya cewa zai kama bakinsa sai na iso.

Babanmu bakanike ne, ya fi shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Da ya bar gareji sai ya ɗauko wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi, ya kafa ɗan murhu a bayan gida yana ƙera wuƙaƙe da tsohon sifirin ɗin mota. Ba sayarwa yake yi ba, yana gamawa zai kyautar. Ta ƙarshe ce kaɗai ya riƙe wa kansa, 'yar gajeruwa mai mariƙin itacen lemo, saboda aikin lambunsa. Wata biyu da gama ta, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Ƙafar ta dawo, da sanda dai. Hannun ne ya ƙi. Shi kuwa kuben wuƙar na fata ne mai laushi, sai ka riƙe shi da hannu ɗaya ka zare da ɗayan. Baba da dabara, sai ya riƙa matse kuben a hammatar hagu yana zarewa da dama. Rannan Umma ta kai masa ruwa lambu, ta tarar da shi yana gyaran tumatir yana 'yar waƙarsa, jini na ɗiga daga yatsunsa har ya cika masa silifa. Wuƙar ta tsaga masa dantse, shi ko ji bai yi ba. Ɗinki bakwai aka yi masa. Daga asibiti Umma ba ta zame ko'ina ba sai durowarta, ta jefa wuƙar ta murɗa makulli.

"Ranar da ka iya zare ta ka mayar da hannu ɗaya," in ji ta, "ba haƙori, ba hammata, ba taimakon kowa, ka zo ka karɓi abarka."

Ta faɗa ne don ta san ba zai yiwu ba. Tun daga ranar Baba bai ƙara leƙa lambun ba, wata huɗu cur. Sai dai ya zauna a falo ya sa wa talabijin ido, ko a kunne take ko a kashe. Ni kuwa aikina ke nan a asibiti, ina gasa roba in lanƙwasa ta daidai hannu ko ƙafar mai karaya ko shanyewar jiki, don ta tallafe masa. Na ga maza da yawa da suka fara irin wannan zaman, na kuma ga inda yake kai su. Tsoro nake ji ƙwarai. Shi ya sa na roƙi ogana ragowar yankakkun roba uku, na ce kube zan yi wa wuƙa, mai tauri, wanda zai zauna a belet ya riƙe kansa. Ya ba ni yana dariya.

Umma kek take gasawa, obin ɗin nan kuwa ko mu 'ya'yanta ba ma taɓa shi. Na yi magiya, na yi rantsuwa cewa robar ba ta ɗiga, Baba na daga ƙofar kicin yana jingine da sandarsa bai ce komai ba. Ina jin shirun nasa ne ya karya ta. Ta shiga ɗaki, ta fito da wuƙar a naɗe da tsumma, ta dire a kan tebur.

"Aro na ba ku, zuwa la'asar. In an kira salla ba ta zauna a kube ba, ta koma inda ta fito."

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Za ka gasa robar har ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma, ka ninka ta a kan wuƙar, ka sa tsakanin soso biyu da katako biyu, ka danne da ƙarfi har ta huce. In ta huce ta ɗauki siffar wuƙar ke nan, ba ta sakewa. Soso mun samu, na farke wani tsohon kushin a sito. Katako ma akwai. Abin dannewar ne babu, don Baba ya rabar da kayan aikinsa kaf bayan ciwon. Muna tsaye muna wannan tunanin sai muka ji an banko ƙofar gida.

Gwaggo ce, ƙanwar Baba, ta dawo wa Umma da kular abinci. Gwaggo mace ce da Allah ya yi wa jiki, kuma ba ta taɓa shiga wuri a rasa sanin ta shigo. Na dubi Baba, Baba ya dube ni, sannan muka dubi Gwaggo tare.

"Lafiya? Me na yi kuke mini kallon naman kasuwa?"

"Zama kawai za ki yi," in ji Baba. Maganarsa tun bayan ciwon a hankali take fita, kamar yana auna kowace kalma.

"Yaya, in dai zama ne ai ka samo gwana."

Na fara da baƙar robar. Na shimfiɗa takarda a tiren Umma, na ɗora, na rufe obin, Umma na tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Da ta yi laushi na zaro ta da safar hannu, na ninka a kan wuƙar, na jefa tsakanin soso a kan benci, na ɗora katako, na ce, "Gwaggo, yanzu!" Ta yi bismilla ta zauna da dukkan abin da Allah ya ba ta. Bencin ya yi ƙara, Umma ta ce wayyo bencina. Minti goma Gwaggo na zaune a kan wuƙar yayanta tana ba mu labarin maƙwabciyarta da ta sayi firiji ya ƙi shiga ta ƙofa.

Da muka ɗaga, ni kaina sai da na yi kabbara. Komai na wuƙar ya fito a jikin robar, har 'yar alamar da Baba yake bugawa kusa da mariƙi. Na miƙa masa ina hura hanci. Ya danne kuben a tebur da gwiwar hannu, ya ja mariƙin. Shiru. Na karɓa na ja, kamar ina jan ƙusa daga bango. Gwaggo ta ce in riƙe can ta riƙe nan, Baba ya daka mana tsawa kafin mu yanka juna. Garin rawar jiki na manta ban naɗa wa bakin wuƙar filasta ba, wanda shi ne zai bar mata ɗan wurin motsi, ga nauyin Gwaggo ya tura robar har ta shaƙe wuyan mariƙin.

Umma ta karɓa. Ta juya shi, ta girgiza, ta kifa shi, ta ɗan ja da yatsa biyu. Fuskarta ta washe.

"To ni dai wannan ya yi mini. Allah ya yi miki albarka, Likita. Ku bar shi haka."

Likita suke ce mini a gida, duk da na gaji da faɗa musu ni ba likita ba ce. Gwaggo ta fashe da dariya har tana dukan cinya, ta ce, "Matar Yaya, faɗuwa ta zo miki daidai da zama!" Sai da zarton da na zo da shi muka fid da wuƙar, ni ina yankawa Baba yana nuna mini inda zan bi kar in taɓa masa ƙarfe. Roba ɗaya ta tafi.

A ta biyu na ce ba za a yi mini sau biyu ba. Na naɗa filasta, na ƙara, na kuma ƙarawa, sannan hannuna da kansa ya lalubo auduga a jakata ya shimfiɗa a kai. Haka muke yi a wurin aiki. Duk robar da za ka yi wa hannun mutum sai ka bar masa sarari, don hannu yana kumbura da rana, in ka matse shi ka jawo masa gyambo. Shekara tara ina yin haka, ban ma san na yi ba. Baba ya ga abin da nake yi, ya buɗe baki, amma kafin maganarsa ta fito na riga na ruga wurin obin.

Gwaggo ta sake zama, ta ƙarasa mana labarin firijin, wanda a ƙarshe ta taga aka shigar da shi. Robar ta huce, na kwance auduga da filasta, na zura wuƙar ta shige sumul, na zare ta fito sumul. Na ɗaga sama ina juya shi don kowa ya gani, na ce, "Umma, kalli nan," na kifa shi.

Wuƙar ta sulale ta cake a ledar ƙasa, tazarar yatsa biyu da babban yatsan Gwaggo, tana ta rawa. Gwaggon da kullum take kukan gwiwa, wadda sai an kama ta take hawa matakala, sai ga ta a bayan Umma, ban ga lokacin da ta tashi ba. Umma ta dafe ƙirji, ni kuma na tsaya da kube a hannu kamar wadda aka kama da sata. Can Baba ya gyara murya.

"Likita," ya ce, "wuƙa ba ta kumbura."

Ai kuwa sai muka ɓarke. Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa tana cewa a kira mata motar asibiti, ni na kifa kai a tebur, Umma ta toshe baki da gefen mayafi wai ita ba dariya take ba. Baba kuwa dariya yake da rabin fuskarsa, kafaɗarsa ta dama na girgiza, hawaye na zuba. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon, kuma daɗin da na ji a lokacin ba zai faɗu ba. Ina cikin dariyar na mayar da robar obin don ta sake laushi in gyara, na koma muka ci gaba, Gwaggo tana kwaikwayon yadda na ce "Umma, kalli nan". Hancin Umma ne ya fara ji. Kafin in buɗe obin hayaƙi ya riga ni fitowa, robar ta ƙanƙance ta murɗe kamar busasshen ganye.

Umma ta buɗe tagogi duka, ta ce an rufe kasuwa. Gobe tana da kek na mutane, wa zai ci kek mai warin taya? Gwaggo ta yi alkawarin za ta wanke obin ɗin da hannunta ciki da waje, ni na ce zan taya ta. Umma ba ta kula mu ba, Baba take kallo, wanda har lokacin yake share ido da bayan hannu.

"Saura nawa?" ta tambaye ni.

"Ɗaya."

"To ɗaya."

Ta ukun na so in ɓoye tun farko, don ban zaci za a kai gare ta ba. Ragowar robar da muka yi wa wata 'yar shekara huɗu takalmin ƙafa ce, shuɗiya, da hotunan 'yan agwagi rawaya a jere, kowace da bakinta a buɗe. Na zaro ta daga leda a hankali na ajiye. Gwaggo ta kalla, ta kalli yayanta, mutumin da yaran gareji suke ɓuya in sun ji takunsa, ta cije leɓe tana wani irin numfashi ta hanci. Baba ya jawo robar gabansa ya daɗe yana dubawa.

"Ai suna da kyau," ya ce. "Ko a ciyawa ya faɗi zan gan shi."

Wannan karon shi ya karɓi ragamar aikin, ni na koma 'yar aike. Filasta ninki biyu, ba ƙari. Ya sa yatsa ya nuna mini daidai inda robar za ta tsaya a wuyan mariƙin, ta ɗan kama shi amma kar ta shaƙe. Ya ce Gwaggo kuma rabin zama za ta yi.

"Yaya, rabin zama kuma yaya yake?"

"Ɓari ɗaya. Irin nawa."

"Allah ya shirye ka," in ji Umma, amma ita ce ta tsaya da agogo a bakin obin tana ƙirga mana mintoci.

Gwaggo ta ɗosana ɓari ɗaya, ta dafa kafaɗata, ba labari ba dariya, sai nishi. Da ya huce na zana layi da fensir, na yanke abin da ya yi yawa da zarto, na huda gefen da injin hujin da na aro a wurin aiki na ɗaure da ƙananan sukuru. Wani siririn yanki da ya saura na lanƙwasa shi ya zama hancin da belet zai bi. Baba ya ce saura abu ɗaya, wurin da babban yatsa zai tokara in za a zare. Na ɗauko na'urar busar da gashi ta Umma na ɗumama bakin kuben, na ɗora jiƙaƙƙen tsumma, shi kuma ya danna yatsansa ya riƙe har ya huce. Sai ga ɗan gurbi daidai yatsansa, a kan wata agwagwa da ta lotse. Na bi gefuna da samfefa har suka yi santsi.

Na zura wuƙar. Ta shiga, ta shiga, sai ta ce ƙas. Na kifa shi, na girgiza, Gwaggo ta janye ƙafafunta duk da haka. Ba ta faɗo ba. Na tokara yatsa na ja, ta fito. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta kama ni muna tsalle a tsakiyar kicin kamar yara, tukwane na amsawa a saman kantar girki. Agogo ya nuna saura kusan minti ashirin a kira salla.

"A kawo belet," in ji Baba.

Na ruga ɗakinsa na ciro tsohon belet ɗinsa na aiki daga jikin ƙusa, na zura kuben a ciki, na miƙa masa. Ya jingine sandarsa ya miƙe tsaye. A nan ne na ga abin da babu wanda ya tuna a cikinmu, har ni da nake taƙama da sanin aikin masu hannu ɗaya. Tun da ya kwanta wando mai tazuge yake sawa. Bai taɓa ɗaura belet da hannu ɗaya ba.

Ya wurga shi ta baya, ya kamo kan, ɗaya gefen ya zame ya faɗi. Na sunkuya zan ɗauka, ya ce bari. Ya ɗauka da kansa, ya jingina da bango ya danne gefe ɗaya da ƙugunsa, ya lalubo ɗayan, ya kai bakin ƙarfen belet ɗin, ya kuɓuce. A karo na uku ya samu ya zura, amma ya rame ƙwarai, ko a hujin ƙarshe belet ɗin ya yi masa yawa, ya sulale har gwiwa da agwaginsa. Babu wanda ya yi dariya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Na san zan iya ɗaura masa a cikin daƙiƙa biyar, shi ma ya sani. Amma ni da yamma zan koma gidana, kuma ya ji sharaɗin da kunnensa. Ya zauna a kujera a hankali, ya tattaro belet ɗin da kuben ya ɗora a tebur, ya tura su gaban Umma.

"Ba taimakon kowa kika ce," ya ce. "Ga abarki."

Haushin kaina ya kama ni, na sa masa rai tun safe na kawo shi nan na kayar. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta.

Umma ta dubi wuƙar ta daɗe. Sannan ta zare belet ɗin daga tebur, ta ce da ni, "Ba ni injin nan." Ta gwada a ƙugunsa da ido, ta ɗora a kan katako, ta huda sabon huji, ni ina riƙe mata da katakon.

"Tashi, Malam."

Ya tashi. Ta zagaya da hannuwanta ta bayansa, ta ja, ta ɗaure, ta gyara kuben ya zauna a damansa.

"Cewa na yi ka zare ka mayar. Ban yi maganar belet ba. Belet aikina ne, kullum da safe. To, mu gani."

Baba ya ɗora yatsa a gurbinsa, ya tokara, wuƙar ta fito. Ya mayar, ta ce ƙas. Ya sake, wannan karon idonsa a kan Umma, bai ko kalli ƙugunsa ba. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofar baya, agwagi na rangaji a gefensa. Gwaggo ta bi shi da addu'a tana fyace hanci.

Ni na je taga. Lambun ya zama daji, tumatir ya kwanta, lemon ya yi rassa ta ko'ina. Na juyo in ce Umma ta zo ta gani, sai na tarar ta juya wa tagar baya, ta kama gefen tebur da hannu biyu.

"Ba zan iya kallo ba," ta ce. "Ke faɗa mini. Me yake yi?"

"Ya isa gindin lemo."

"To?"

"Ya jingine sanda. Ya zare."

Ta runtse ido. "Hannun hagun fa? Yana ina?"

"Yana gefe, Umma. Nesa da wuƙar."

"To?"

"Ya sare reshe ɗaya. Ya mayar da ita. Yana neman wani."

Ta saki numfashi, ta saki tebur ɗin, ta goge fuska da mayafi. Ta ɗauki soson wanke-wanke ta durƙusa gaban obin, har yanzu ba ta waiwaya ba.

"Kar ki bar tagar nan," ta ce. "Ci gaba da faɗa mini."